Wasan rola tsakanin kofuna: yadda ake koyon silalom ba tare da an hau titi ba

Mai bin manyan titunan Yamai, Maraɗi ko Damagaram da yamma yakan ci karo da su jefi-jefi: samari sanye da takalma masu taya, waɗanda aka fi sani da rola, suna kutsawa tsakanin motoci da ƴan kabu-kabu. Wani ya kama bayan adaidaita sahu tana jan shi, wani ya maƙale a jikin babbar mota har sai ta yi gudu sannan ya saki. Yara su yi ta shewa, manya su yi salati. Uwaye da yawa kuwa, da zarar ɗansu ya ce a sayo masa rola, wannan hoton ne ke faɗo musu a rai, sai su ce a'a.

Tsoron nasu yana da tushe. Rahoton da hukumar lafiya ta duniya OMS ta fitar a 2023 ya nuna cewa haɗurran hanya na kashe mutane kimanin miliyan 1.19 a kowace shekara, kuma su ne kan gaba wajen kashe yara da matasa masu shekaru 5 zuwa 29. Wanda ke kan rola a tsakiyar titi ba shi da ƙarfen da zai kare shi, ba shi da birki mai ƙarfi, direba kuma bai sa ran ganin shi ba.

Sai dai akwai wani reshe na wasan rola da ba ruwansa da titi. Sunansa silalom. Ana jera ƙananan kofunan roba a layi ɗaya a kan daɓe mai santsi, ɗan wasa ya dinga ratsawa tsakaninsu da salo iri-iri ba tare da ya ture ko ɗaya ba. Fili mai tsawon mita 20 ya ishe shi. A nan ne ake gane wanda ya mallaki ƙafarsa, domin gudu a miƙe kowa na iya yi, amma kewaye kofi 20 da ƙafa ɗaya sai wanda ya sha horo.

Daga ina wasan ya fito?

Ana danganta takalmin taya na farko da aka sani da John Joseph Merlin, wani maƙerin na'urori haifaffen ƙasar da ake kira Beljiyam a yau, wanda ya zauna a Landan a shekarun 1760. Ana ba da labarin cewa ya shiga wani taron biki a kan takalmin nasa yana kaɗa goge irin na Turawa, sai ya kasa tsayawa, ya yi karo da wani babban madubi, madubin ya farfashe, shi ma ya ji ciwo. A 1863 wani Ba'amurke mai suna James Plimpton ya ƙera takalmi mai taya huɗu, biyu gaba biyu baya, wanda ke ba mutum damar karya kwana. Shi kuwa irin wanda samarinmu ke sawa, mai tayoyi a jere layi ɗaya, ya bazu a duniya ne daga farkon shekarun 1980, bayan wasu ƴan'uwa biyu, Scott da Brennan Olson na jihar Minnesota a Amurka, sun kafa kamfanin da ya zama Rollerblade.

Kalmar silalom asalinta daga ƙasar Norway ne, daga wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara inda ake ratsa tsakanin sanduna. Masu rola sun ɗauko dabarar suka kawo ta dandalin birane. Dandalin Trocadéro da ke fuskantar hasumiyar Eiffel a Paris yana daga cikin wuraren da wasan ya yi suna. Wani Bafaranshe, Sébastien Laffargue, wanda aka fi sani da Seba, ya shahara a wasan har aka yi takalman silalom masu ɗauke da sunansa. Daga baya ƙasashen Asiya, musamman Sin da Koriya ta Kudu, suka rungumi wasan, suka fitar da gwanaye maza da mata, cikinsu har da ƙananan yara.

A yau hukumar World Skate ce ke kula da dokokin wasan a duniya. An kafa ta a 2017 bayan haɗewar tsohuwar hukumar wasannin rola ta duniya FIRS, wadda ta samo asali tun 1924, da hukumar masu wasan allon taya.

Awon fili da kofuna

Kofunan da ake amfani da su ƙanana ne, tsayinsu wajen santimita 8, faɗi a ƙasa, tsini a sama kamar mazurari da aka kifa. An yi su da roba marar nauyi don in taya ta taɓa su su ture, kada su kayar da mutum. Wanda bai samu na gaske ba, ƙananan kofunan roba na shan ruwa sun wadatar. Abin da za a kiyaye shi ne kada a sa dutse, gwangwani ko kwalba, domin su ba sa kaucewa, ɗan wasan ne zai sha ƙasa.

A gasa akwai layuka iri uku. Na farko kofi 20 da tazarar santimita 50 tsakanin kowane biyu, tsawonsa mita 9.5 ke nan. Na biyu kofi 20 da tazarar santimita 80, wato mita 15.2, kuma shi ne layin da aka fi yin horo a kai. Na uku kofi 14 da tazarar santimita 120, wato mita 15.6. Ana barin mita 2 tsakanin layi da layi. Ana auna tazarar daga tsakiyar kofi zuwa tsakiyar na gaba, a ɗiga alama da alli ko fenti, don in kofi ya ture a san inda za a mayar da shi.

Wannan awon ya nuna cewa filin ƙwallon kwando, mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15, zai ɗauki layukan uku gaba ɗaya. Filin ƙwallon hannu, mai mita 40 da 20, ya ma fi. Irin waɗannan filaye akwai su a wasu makarantu da gidajen matasa na manyan garuruwanmu, kuma sau da yawa suna zaune babu kowa da sassafe. Ko tsakar gida mai daɓen siminti na iya ɗaukar kofi biyar ko shida, abin da zai ba ƴan mata damar koyo a cikin gida.

Takalmin silalom da sirrin tayoyinsa

Takalmin silalom yana da jiki mai tauri da ke riƙe idon sawu sosai. Dole ya zauna daidai ƙafa. In ya yi yawa, ƙafa tana yawo a ciki, umarnin da ta bayar ba ya isa ga taya a kan lokaci. Ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gajere ne, yawanci milimita 231 ko 243 gwargwadon girman ƙafa, kuma ba a sa masa birkin dunduniya, saboda birkin yana harɗe ƙafa in an zo gicciye.

Babban sirrin yana ga jerin tayoyin. A takalmin yawo, tayoyi huɗun girmansu ɗaya, duka suna taɓa ƙasa, shi ya sa yake tafiya miƙe kamar jirgin ƙasa. A na silalom kuwa ana sa manya biyu a tsakiya, ƙanana biyu a gaba da baya, misali milimita 76, 80, 80, 76. Turawa na kiran wannan jeri ayaba, saboda lanƙwasarsa. Sakamakonsa shi ne taya biyu kawai ke taɓa ƙasa a lokaci ɗaya, don haka ƙafa na juyawa a ɗan ƙaramin wuri. Wasu takalman an ƙera ƙarfensu da wannan lanƙwasa tun daga masana'anta. Amma a sani, abin da ya sauƙaƙa juyi shi ne ke rage natsuwa: takalmi mai jerin ayaba yana rawa in an yi gudu sosai, wani dalili ke nan da ya sa bai dace da titi ba. Sabon shiga zai fi kyau ya fara da tayoyi masu girma ɗaya har sai ya iya tsayuwa da tafiya.

Mafi yawan rolar da ke shigowa kasuwanninmu kayan gwanjo ne. Kafin a biya kuɗi a duba abu huɗu: ko jikin takalmin ya tsage, ko maɗaurin idon sawu yana kamawa, ko ƙusoshin tayoyi sun cika, sannan ko tayoyin na roba mai danƙo ne. Taya mai tauri kamar ta motar wasan yara ba ta kama daɓe, zamewa take yi.

Kafin a jera kofi ko ɗaya

Hausawa sun ce da rarrafe yaro kan tashi. Akwai abubuwa uku da ake koya kafin a kusanci kofuna.

Na farko tsayuwa. Gwiwa a lanƙwashe har ta zo saitin yatsun ƙafa, ƙirji ya ɗan karkata gaba, hannuwa a buɗe a gefe, nauyin jiki a tsakiyar tafin ƙafa. Wanda ya miƙe gwiwa ya tsaya ƙyam, tayoyi za su gudu gaba su bar shi, ya faɗi ta baya, kuma ita ce faɗuwa mafi muni saboda ƙeya da ƙugu.

Na biyu faɗuwa. Ana koyon ta da gangan a kan tabarma ko yashi: a durƙusa, a sauka kan makarin gwiwa, sannan makarin hannu. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine a 1996 ya gano cewa wuyan hannu ne ya fi jin rauni a wasan rola, kusan kashi ɗaya cikin uku na raunukan da aka duba, kuma makarin wuyan hannu da na gwiwar hannu suna rage haɗarin sosai. Don haka kasko, makarin gwiwa, na gwiwar hannu da na wuyan hannu suna cikin kuɗin takalmi. Wanda bai da kuɗinsu, kuɗin rolarsa bai cika ba tukuna.

Na uku tsayawa, darasin da Merlin bai koya ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a buɗe ƙafafu, a karkato yatsu ciki, a danna dunduniya waje har gudu ya mutu. Ta biyu ita ce a ɗora nauyi kan ƙafar gaba, a ja ta baya a gicciye tana gogar ƙasa, ƙafafun su yi siffar harafin T.

Salo na farko-farko, ɗaya bayan ɗaya

A fara da kofi biyar kawai, da tazara mai faɗi ta santimita 120 ko fiye. In an saba a matso zuwa 80, sannan a ƙara yawan kofuna.

Lemo. Ƙafafu su buɗe su kewaye kofi, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, su sake haɗuwa bayansa, sawun ya fito kamar siffar lemun tsami. Wannan ne ke koya wa mutum samun gudu ba tare da ya ɗaga ƙafa ba.

Kifi. Ƙafafu biyu a haɗe gefe da gefe, su bi ta dama da kofi na farko, ta hagu da na biyu, kamar yadda kifi ke kaɗa jela. Gwiwoyi da ƙugu ne ke aikin, kafaɗu suna kallon gaba.

Maciji. Ƙafa ɗaya a gaba, ɗaya a bayanta, duka a kan layi guda, ta baya tana bin sawun ta gaba. Ya fi kifi wuya domin faɗin da mutum ya tsaya a kai ya ragu.

Gicciye. Ƙafafu su harɗe a kan kofi ɗaya, su buɗe a kan na gaba, su sake harɗewa. Kowace ƙafa tana zana nata zigizag, suna musayar gefe. Salo masu yawa daga gicciye suka tsiro, saboda haka ba a gaggawar wuce shi.

Ƙafa ɗaya. A ɗaga ɗaya, a ratsa layin da ɗayar. Kafin a gwada a tsakanin kofuna, sai mutum ya iya tafiyar mita 10 a miƙe da ƙafa ɗaya ba tare da tangaɗi ba.

In waɗannan sun zauna, sai a sake su duka da baya-baya, ana leƙen hanya ta kan kafaɗa. Daga nan ne ake shiga salo masu suna kamar Nelson, da Kirezi wanda ake tafiya a kaikaice ana musayar gicciyen gaba da na baya, da Mabruk wanda ke haɗa gicciye da juyawa. Akwai Mikiya, inda dunduniyoyi ke fuskantar juna, yatsu suna kallon waje, mutum yana tafiya ta gefe. Can sama kuma akwai salon tsugune, inda ake zama a kan ƙafa ɗaya an miƙe ɗayar gaba, da salon taya ɗaya, inda duk nauyin jiki ke kan tayar gaba ko ta baya kaɗai. Waɗannan kan ɗauki shekaru.

Me ke tura mutum gaba?

Tambayar da sabon shiga ke yawan yi ke nan, ganin gwani yana ratsa kofi 20 bai taka ƙasa ya tura ba, kuma gudunsa bai ragu ba. Amsar tana ga gefen taya. Kowace taya tana da gefen ciki da gefen waje. In mutum ya karkata, taya tana hawa gefe ɗaya, sai ta bi kwana. In ya danna ƙasa da ƙarfi a tsakiyar kwanar, ya sassauta yayin fita, dannawar ce ke zama turi. Kamar yaro ne a kan lilo: ba wanda ke tura shi, amma ya san lokacin da zai nauyaya jiki da lokacin da zai saki. Wanda ya gane wannan ya gane rabin silalom.

Kurakuran da aka fi yi guda huɗu ne. Kallon ƙafa, alhali ido ya kamata ya riga jiki da kofi biyu ko uku. Shiga layi da gudu mai yawa don a ɓoye rashin iyawa, bayan kuwa salon da mutum bai iya yi a hankali ba bai iya shi ba. Fifita ƙafa ɗaya, har ta dama ta zama gwana ta hagu tana koyo. Sai tsallake mataki don an ga wani bidiyo a Facebook ko TikTok. Bidiyon daƙiƙa 30 ba ya nuna watannin da aka yi ana faɗuwa. Amfanin waya a nan shi ne aboki ya ɗauki mai horo, ya kalli kansa, ya ga inda gwiwarsa ta miƙe ko kafaɗarsa ta juya.

Horo na minti 30 zuwa 45, sau uku ko huɗu a mako, ya fi na wuni guda sau ɗaya a wata. A fara da ɗumama jiki da miƙe jijiyoyin ƙugu da idon sawu. In gwiwa ko idon sawu ya fara ciwo mai suka, a dakata, in ya ƙi lafawa a je likita.

Ƙura, yashi da zafin rana

Yanayinmu yana da nasa sharuɗɗa. Tsintsiya ita ce kayan aiki na farko, domin ɗan yashi a kan siminti ya isa ya zamar da taya, tsakuwa ɗaya kuma ta isa ta tsayar da ita nan take. A share fili kafin a jera kofuna, musamman lokacin hunturu da iska ke kwaso ƙura.

Kowace taya tana da boris biyu a cikinta, abin da makanikai ke kira rulma, wato 16 a takalma biyu. Ƙura ce babbar abokiyar gabarsu. In taya ta fara ƙara ko ta daina juyawa da sauƙi, a kwance, a goge, a wanke boris ɗin, a bar shi ya bushe, a ɗiga masa mai marar kauri kamar na keken ɗinki. Mai da yawa yana tara ƙura. Tayoyi kuma sun fi cinyewa ta gefen ciki, don haka a dinga juya su ana musanya musu wuri. Kafin kowane horo a taɓa ƙusoshi a tabbatar ba wadda ta kwance.

A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, lokacin horo shi ne bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya, da ruwan sha a kusa. Da damina kuwa a jira daɓe ya bushe sarai.

Yadda ake gasa

Silalom yana da rukuni da dama. A na gudu, ɗan wasa yana da mita 12 na ɗaukar hanzari, sannan ya ratsa kofi 20 masu tazarar santimita 80 da ƙafa ɗaya. Duk kofin da ya ture ko ya tsallake ana ƙara masa daƙiƙa 0.2, in sun wuce huɗu an soke zagayen. Gwanaye kan gama cikin daƙiƙa 4 zuwa 5. A rukunin kilasik, ɗan wasa yana shirya wasansa da kiɗa na kimanin minti biyu a kan layuka ukun nan, alƙalai su duba wuyar salon da kyan haɗa su da dacewarsu da kiɗa. A rukunin karawa, ana haɗa mutum uku ko huɗu, kowa ya fito ya yi daƙiƙa 30 bi da bi, alƙalai su jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Akwai kuma na mutum biyu tare, da na zamiya, da na tsalle. Maza da mata, manya da yara, kowa da ajinsa.

Ba sai an jira wata babbar hukuma ba kafin a gwada irin wannan. Samarin fada guda, da kofuna 20, da alli, da agogon waya, sun isa su shirya gasar gudu tsakaninsu. Takalmi ɗaya ma mutum uku masu ƙafa kusan ɗaya na iya karɓa-karɓa.

Abin da ya rage ga manya

Hana yaro rola baki ɗaya sau da yawa ba ya hana shi, aro yake yi ya tafi titi inda ba mai ganin shi. Uban da ya amince zai iya kafa sharaɗi tun ranar saye: kasko da makarai tare da takalmi, fili sananne, ba titi, ba kama mota. Shugabannin makarantu da na gidajen matasa, da ma'aikatun magajin gari, suna iya ware sa'o'i biyu a mako a filin ƙwallon kwando, a sa wani babba ya tsaya a kai. Kuɗin da hakan zai ci bai kai na jinyar karaya ɗaya ba.

Su kuma samarin da suka riga suka gwanance a kan kwalta, ga ƙalubale: a jera kofi 20, tazarar santimita 80, a ratsa da ƙafar hagu, a dawo da ta dama, kada ko ɗaya ya motsa. Wanda ya yi wannan, ƙanne za su biyo shi fili, kuma uwayensu za su kwana da kwanciyar hankali.